Mai surfanin bayan babbar kasuwa da galon sarjan na sojan Faransa

Masu ɗinka tambari ba su yi ƙaranci a Maradi ba. Kowace lakol mai zaman kanta tana da nata a aljihun riga, ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni suna da nasu, masu gadin kantuna ma yanzu sai ka gan su da wani abu a kafaɗa. Galibi keken kwamfuta ke buga su: ka kai hoto a salula, a zuba shi a na'ura, kafin shayi ya nuna an miƙo maka. Mutumin da zan yi magana a kansa shi ma yana da irin wannan keke a ƙuryar shago, yaransa ke aiki da shi, amma ba don keken ake zuwa wurinsa ba. Dattijo ne mai aikin hannu, a layin telolin da ke bayan babbar kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, don abin da zan rubuta akwai yabo akwai suka. Wanda ke son aikinsa ya shiga layin ya tambayi mai surfanin da ya yi koyo a Kano, ko yaro zai nuna masa.

Aiki iri biyu na kai masa. Na farko na gida ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tsohon sojan Faransa ne, ya yi yaƙin Andoshin, wato yankin Vietnam, ya yi na Aljeriya, ya dawo da muƙamin sarjan. Rigarsa ta kaki tana cikin akwatin ƙarfe shekara da shekaru, har asu da gara suka gama da hannun hagu, wurin da galon, wato igiyar muƙaminsa, yake. Abin da ya tsira shi ne maɓallai, da littafinsa na soja, da hoto ɗaya fari-da-baƙi da aka ɗauke shi a Saigon. Ƴan'uwa suka ce a sake ɗinka galon da tambarin a sa a gilashi tare da hoton. Na biyu kuwa na aji ne. Ina koyar da tarihi a sakandare, kuma ƴan ajin da ke shirin jarrabawar BEPC suna haddace yaƙin duniya da mulkin mallaka ba tare da sun taɓa ganin ko maɓalli ɗaya na wannan zamani ba. Sai na so a yi mini allo mai ɗauke da galon sojan mulkin mallaka na shekarun 1950, tun daga ƙaramin soja har kolonel.

Ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya sa aka kawo ruwa, ya ɗauki hoton ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa. Na yi masa bayani, na bar masa kwafen hoton da maɓalli ɗaya, muka yi ciniki, na ba da kafin alƙalami. Da na koma karɓar na Baba, sai ya warware takarda ya shimfiɗa mini igiya uku, tsininsu yana kallon ƙasa. Ɗinkin ba shi da makusa, layi ya miƙe, kusurwa ta fita. Sai dai ba na sojan Faransa ba ne.

Na ce, "Malam, ai biyu ne a hoton, kuma sama suke kallo."

Ya ce, "Mushe, na ga biyu. Na ɗauka ta ukun ta shige cikin ninkin riga ne. Ka ce mini saje ne. Igiya biyu ai kofur ke nan, ni kuwa ba na so a ce a hannuna aka rage wa mamaci girma."

"To tsinin fa?"

"Shekara nawa ina ɗinka wa sojoji a kusa da barikin Bukavu, ban taɓa ganin igiya ta kalli sama ba."

Gaskiyarsa ce, a can. Sojan Najeriya gadon Ingila suka ci, kuma a tsarin Ingila ƙidaya ake yi: ɗaya, biyu, uku, tsini a ƙasa, ko daga nesa ka ƙirga ka san da wa kake magana. Faransa ba haka ta yi ba. A nata tsarin ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, sai ka duba da me aka yi galon. Ƙaramin soja mai daraja ta ɗaya yana da galo ɗaya na jan ulu. Kaporal yana da biyu, su ma jan ulu. Sarjan da ya zauna a soja ya wuce wa'adin dole, shi ma biyu gare shi, amma na zinari. Uku na zinari kuwa sarjan-shef ne. Ke nan da igiya ukun nan Malam ya ƙara wa Baba girman da Faransa ba ta ba shi ba, sannan ya juya shi ya mai da shi sojan wata ƙasa. A nan matsalar shagon take, kuma ina jin matsalar yawancin telolinmu ce: hannu na nan, amma ido ya saba da abin da ke ƙetaren iyaka, don can aka yi koyo, daga can kaya ke zuwa, finafinan can ake kallo. Daga Maradi zuwa Katsina ya fi kusa nesa ba kusa ba a kan zuwa Yamai.

Bai yarda nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce to, in kaporal biyu ne sarjan ma biyu ne, hoton kuma ba launi, ta yaya na san na Baba ba ja ba ne? Tambaya ce ta mai sana'a. Na nuna masa cewa a hoto fari-da-baƙi jan ulu duhu yake fitowa, kusan ya saje da ƙyallen da ke ƙarƙashinsa, zinari kuwa haske yake ɗauka. A hoton Baba galon biyun sun fito fari tas. Na buɗe masa littafin soja inda aka rubuta muƙamin da kwanan wata. Abin da ya kashe gardamar dai maganar Inna ce, da na kira ta a salula na sa a bayyane. Ta ce, "Na zinari ne, ɗan nan. Ai ba ya bari a sa wa rigar nan ruwa, sai dai a kakkaɓe a rataye a inuwa, wai kar ya dushe." Malam ya ce, "Hajiya, an gama, Allah ya ƙara lafiya." Ya ɗauki reza ya fara farke ɗinkinsa a gabana. Ko dala bai ƙara mini a kan wannan ba, kuma bai ɓata rai ba. Na sha ganin telan da in ka nuna masa kuskure sai ya fi ka fushi.

Wani zai ce mene ne abin ɗaga jijiyar wuya a kan ja da zinari. Ga tsohon soja ba ƙaramin abu ba ne. Kaporal yana cikin ƙananan sojoji, sarjan kuwa ya tsallaka zuwa sahun masu ba da umarni, albashi ya bambanta, wurin cin abinci ya bambanta, fansho ma haka. Fanshon nan kuwa shi ne Faransa ta daskarar da shi da dokar ƙarshen 1959 ga sojojin ƙasashen da ke karɓar mulkin kai, aka bar su a tsohon farashi alhali na Turawan da suka yi yaƙi tare da su yana ta hawa. Ba a warware wannan gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin Baba da yawancin abokansa sun riga mu gidan gaskiya. Mutumin da aka yi wa haka a kan kuɗinsa, bai kamata ƴaƴansa su yi sakaci da galonsa ba.

Na Baban da ya sake yi shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Bayan yaƙin duniya na biyu, sojan Faransa ya koma sa wani ƙyalle a damtsen hagu mai siffar zi ɗin karta, wanda ake kira samfurin 1945. Na sojan mulkin mallaka shuɗi ne mai duhu, da jan layi biyu a gefensa, da anga, wato ƙugiyar tsai da jirgin ruwa, a tsakiya. Ƙananan sojoji angarsu ja ce, daga sarjan zuwa sama ta zinari. Galon kuma a bisa wannan ƙyalle ake ɗora shi, ya bi kusurwarsa ta sama. Malam bai taɓa ɗinka anga ba. A hoton kuwa ƴar ƙarama ce, ba ka ganin komai sai ɗigon haske. Sai ya ɗauki maɓallin da na bar masa, wanda ke da angar a jikinsa, ya ɗora farar takarda ya goga fensir a hankali har zanen ya fito, sannan ya sake zana shi da girma a kwalin sukari, ya yanka, ya ɗora a ƙyalle ya bi da alli. Har igiyar da ta nannaɗe sandar angar bai bari ba. Ya yi ta da zare biyu da ya murza da kansa a cinya, ya kwantar da ita, ya riƙa kama ta da wani siririn zare ta ƙasa, yadda in ka shafa da yatsa za ka ji ta taso sama da sauran ɗinkin. Wurin da ta shige bayan sandar ta fito ta ɗaya gefen, ya yi shi daidai yadda yake a maɓallin.

Galon kansa ya fi ba shi wuya. Na zinarin da sarjan ke sawa ba sumul yake ba, yana da wata saƙa mai karkacewa da ke bin tsawonsa, ta yi nan ta yi nan. Sumul ɗin na hafsoshi ne. A kasuwarmu kuwa abin da ake samu shi ne ƙyallen zinarin da ake yi wa alkyabba da kayan amare ado, shi kuma sumul ne, ga ƙyalli har ya yi yawa. Da ya sa shi haka nan, da ba wanda zai gane sai mai bin diddigi. Amma da na nuna masa hoton na ainihi a intanet, ya ce a ba shi lokaci. Na tarar da shi wata safiya a tabarma bakin ƙofa, tabarau a karan hanci, ya ɗame ƙyallen a ɗan kewayen katako, yana bin sa da allura yana fitar da saƙar ɗaya bayan ɗaya da zaren da ya ɗan fi duhu. Leɓensa na motsi, ƙirga yake yi. Yaron shago ya zo da tambaya, ya ɗaga masa hannu bai ko dube shi ba sai da ya kai ƙarshen layi. Sakamakon ba ainihin saƙar masaƙa ba ce, in ka kawo ido kusa za ka ga aikin allura ne. Amma daga taku biyu ba ka bambancewa, kuma zaren mai duhun ya kashe ƙyallin nan na kayan biki. A wurina wannan ya fi na kanti.

Na kuma lura da bayan ɗinkin, don a nan ake gane mai sana'a. Ba ƙulli ko ɗaya da ya fito, ba zaren da ke reto, ya kuma bi bayan da farin ƙyalle ya rufe.

Yaransa sun yi ta tambaya me ya haɗa mutumin Maradi da ƙugiyar jirgin ruwa, mu da ko Gulbi sai damina yake kawo ruwa. Amsar tana cikin asalin rundunar baƙaƙen sojojin Faransa, wadda ake kira tirailleurs sénégalais, wato maharban Senegal. Gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a Senegal a 1857, shi ya sa sunan Senegal ya bi ta har ƙarshe, ko da yake daga baya Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa da mutanen Cadi duk suna ciki. Sojojin da Faransa ke aikawa ƙasashen da ta mallaka a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa suke, sai a 1900 aka mai da su ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi da sunan sojan mulkin mallaka. Ma'aikata ta sauya, angar ta zauna. Ɗaya daga cikin yaran ya so ya haɗa mini da jar dara, wai ya ga haka ake zana su. Jar dara da jan ɗamara gaskiya ne, da su aka san sojojin yaƙin 1914 da na 1939, amma a hoton Baba ba dara ce a kansa ba, don haka na ce a bar ta.

Allon aji kuwa labarinsa ya rabu biyu, don hannu biyu ne suka yi shi. Sahun ƙasa Malam ne da kansa. Don jan ulu ya samo mulufi, ya yanka shi siri-siri ya naɗe bakinsa, kuma jan ya yi daidai, ba mai ruwan goro ba ne, ba kuma mai duhu ba. Ɗaya, biyu, sai kaporal-shef mai ja biyu da zinari ɗaya a samansu, sai sarjan, sai sarjan-shef. Da aka jera su a ƙyalle ɗaya, abin da na yi ta bayani da baki sai ya fito da kansa: ga biyu ga biyu kusa da juna, ɗaya ja ɗaya zinari, kuma kowa ya ga ba ɗaya ba ne.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne ajidan, muƙamin da ke sama da sarjan-shef. Daga nan galo ya daina zama mai tsini, ya koma miƙaƙƙen layi irin na hafsoshi. Na ajidan azurfa ne da jan zare a tsakiyarsa. Na ajidan-shef zinari ne da jan zare a tsakiya. Su-liyetna, wato matakin farko na hafsa, shi ma zinari ɗaya ne, amma babu jan zaren. Ke nan tsakanin ajidan-shef da hafsa ba abin da ya raba a ido sai wannan siririn zare. Malam ya gane haka tun kafin in gama magana, ya ce, "To ai dole zaren ya fito sosai, in ya ɓuya an yi ƙarya." Ya ja shi da hannu, madaidaici, bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba amma ana ganinsa daga bayan aji. Wannan wuri nake tsayawa da ɗalibai, don a nan mafi yawan baƙaƙen fata da suka yi fice suke tsayawa. Mutum zai yi shekara 15 ko fiye, ya san aikin fiye da kowa a kamfaninsa, ya kai ajidan ko ajidan-shef, sai a kawo ɗan saurayi daga makarantar hafsoshi ta Faransa mai galo ɗaya ba jan zare, shi zai sara wa. Waɗanda suka tsallaka kafin yaƙin duniya na biyu ƴan kaɗan ne, kuma da wuya su wuce kapitan. Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, yana cikinsu. Kapitan ne mai galo uku lokacin da Jamusawa suka kama shi a Airaines ranar 7 ga Yuni 1940. Ya ƙi yarda a ware shi daga sauran hafsoshi a haɗa shi da ƙananan sojoji saboda launin fatarsa, suka harbe shi nan take. Ƙofar ba ta buɗe da ɗan faɗi ba sai da mulkin kai ya gabato, aka buɗe makarantar horar da hafsoshin ƙasashen mallaka a Fréjus a 1956. Seyni Kountché ta nan ya bi: ya shiga soja a 1949, ya yi Andoshin da Aljeriya, ya zama sarjan a 1957, sannan ya tafi Fréjus ya fito hafsa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 da ya karɓi mulki, liyetna-kolonel ne. A allon nan ɗalibi yana iya bin tafiyarsa da yatsa, daga zinari biyu masu tsini har zuwa layi biyar.

Sahun hafsoshin ne yara suka buga a keke, kuma a nan aikin ya faɗi. Ɗaya, biyu, uku ba matsala: su-liyetna, liyetna, kapitan. Amma kumandan mai huɗu, a kafaɗa ba a jera su daidai wa daida, uku ne a haɗe, sai ɗan fili, sai na huɗun. Kolonel ma uku ne, fili, sannan biyu. Filin nan shi ke sa a gane huɗu daga biyar ba sai an tsaya ƙirga ba. Na faɗa, na zana a takarda, amma yaran suka jera su tazara ɗaya don haka na'urar ta fi sauƙi. Liyetna-kolonel dai sun yi shi daidai ta fuskar launi, zinari, azurfa, zinari, azurfa, zinari, sai dai shi ma babu filin. Sannan maimakon su ɗinke su a ƙyallen allon, sai suka manna da gam. Zafin Maradi kuwa ba ya barin gam, kafin a je ko'ina ya narke ya tsattsafo ta gefen kapitan ya bar tabo mai ruwan ƙasa. Malam bai duba aikin yaran ba kafin ya ba ni, kuma wannan laifinsa ne, don sunansa ake bi a zo shagon. Da na nuna masa ya kira babban yaron ya yi masa faɗa a gabana, abin da ban so ba, ya sa aka ɗinke su duka. Tabon dai yana nan. Filin kuma ya ce sai an sake bugawa gaba ɗaya.

Kapitan ɗin da gam ya ɓata shi ne kuma wanda na fi bukata a darasi, saboda abin da ya faru a nan jiharmu. A 1899 kapitan Voulet da kapitan Chanoine suka ratso ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Labari ya kai Faransa, aka turo liyetna-kolonel Klobb ya karɓe rundunar. A Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli, mai galo uku ya sa aka harbe mai galo biyar. Waɗanda suka ba da labarin sun ce bayan haka Voulet ya cire galonsa daga hannun riga, ya ce shi ba Bafaranshe ba ne kuma, sarki zai zama. Cikin kwana uku sojojinsa baƙaƙe suka kashe shi da Chanoine. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Damagaram. Akwai ɗaliban da ƙauyukansu ba su da nisa da wurin, sun sha wucewa ta gabansa a mota. In na nuna musu uku na nuna musu biyar a allo, sai su gane girman abin da aka yi ranar, a idon soja.

Akwai wani hali nasa da ya ba ni haushi da farko, daga baya na ga dacewarsa. Da ya ji allon ya haɗa da galon hafsoshi, ya ajiye almakashi ya ce sai na kawo takarda daga daraktan lakol mai hatimi. Ya ce, "Mushe, ba don ban yarda da kai ba. Amma na sojojinmu na yanzu kusan haka suke, kuma ka san zamanin da muke ciki. In wani ya cire ya sa a kafaɗa ya tare hanya, wa za a zo nema?" Ya yi gaskiya, don rundunar ƙasarmu da aka kafa a 1961 tsarin Faransa ta ɗauka, kapitan uku, kumandan huɗu, kolonel biyar. Ya ajiye takardar a cikin littafinsa. Saboda wannan dalilin ne ma ya ƙi yi musu maɗauri ko abin mannawa a baya. Wanda zai je wurinsa don wasan kwaikwayo ko fim, ya tafi da takardarsa tun farko ya huta zirga-zirga. Taurarin janar ban sa an yi ba, wuri ya ƙare a allon. Da baki nake gaya wa yara cewa a tsarin Faransa babu janar mai tauraro ɗaya, daga biyu ake farawa.

Batun alƙawari, tela ne. Ranar da ya sa ba ita ce ranar da aka samu ba, ga na Baba ga allon, kuma ba ya kira ya ce an ɗaga, sai ka je ka tarar. In wuta ta ɗauke keken yara ya tsaya, in Salla ta gabato kuwa manyan riguna da huluna sun cika shagon, ƙaramin aiki irin nawa sai ya koma ƙarƙashin tari. Wanda ke da ranar biki ko ranar wasa ya faɗa masa ranar da ta riga ta gaskiyar da nisa.

Kuɗi: tambarin Baba da galonsa jika 12 na sefa, har da sake yin da ya yi. Allon jika 35, ban da katako da gilashi, waɗanda kafinta ya yi a jika 10. Rabin kuɗi ake bayarwa a fara. Ba ya ba da rasit, a littafi yake rubutawa da ajami, ya karanta maka ka ji. A ganina na Baba ya yi araha ƙwarai in aka duba awannin da saƙar nan ta ci. Allon kuwa ya yi tsada, tunda rabinsa aikin na'ura ne, kuma rabin nan ne aka ɓata. Da zan sake, da zan ce ya yi duka da hannunsa ko da kuɗin zai ƙaru.

Abu ɗaya da bai gaya mini ba sai da na tambaya: zaren zinarin nan ba ƙarfe ba ne, roba ce aka yi wa ruwan zinari. Dutsen guga in ya taɓa shi ya ƙanƙance, rana kuma tana cin launinsa. Na ainihi da ake yi da siririyar waya ba ya zuwa kasuwarmu, ya ce ko a Kano sai an yi oda. Don abin da za a sa a gilashi a rataye a ɗaki wannan ba damuwa ba ne, amma masu wasan da za su sa riga su yi gumi su wanke, su sani.

In za ka je, kada ka dogara da sunan muƙami kawai. Ka buga hoton da girma, ka rubuta masa adadi, da launi, da inda tsini yake kallo, ka kuma ce kana son ganin zanen alli kafin allura ta shiga. In akwai maɓalli ko wani guntun tsohon kaya, ka kai, ya fi aiki da abin da zai riƙe a hannu a kan abin da ke cikin salula. Yana buɗewa da hantsi, ya tashi azahar ya dawo bayan la'asar, ranar Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci. Aikin hannu da safe yake yin sa, don ya ce da yamma idonsa ba ya raba zinari da azurfa. Kumandan da kolonel ya ce in maido su bayan Salla a sake bugawa da filinsu kyauta, amma kuɗin kafintan da zai buɗe gilashin a kaina yake.